AIKIN SAUKAR BAƘI: TA INA AKE SHIGA, YAYA AKE CI GABA?



Kaka ta wuce, an zuba amfani a rumbu. Yanzu ne samari suke ɗaure 'yan kayansu su nufi birni cin rani. Wani ya yi ga-ruwa, wani dako, wani tura baro. Da hadari ya fara haɗuwa sai a dawo gida da ɗan abin da aka samu. Baɗi ma haka. Sai ka ga mutum ya shekara goma yana cin rani, amma ba shi da wata sana'a da zai nuna ya ce wannan ita ce tawa.

A wannan fitowa za mu yi bayani a kan wani aiki da mutum zai fara daga ƙasa, ya yi ta hawa sannu a hankali har ya zama wani abu. Shi ne aikin saukar baƙi da kula da masu yawon buɗe ido. Watau aiki a otal, ko gidan saukar baƙi, ko gidan abinci, ko wuraren da mutane suke zuwa kallo. Za mu faɗi irin ayyukan da ke ciki, da yadda ake nema, da inda ake koyo, da kuma ramukan da ya kamata a kauce musu.

SANA'AR TANA DA ASALI

Saukar baƙi ba yau aka fara ba a ƙasar Hausa. A zamanin da fatake suke tafiya Gwanja da jakuna sayen goro, akwai zango-zango a kan hanya. A manyan garuruwa kuma akwai fatoma, watau mai masaukin fatake. Yana ba baƙo ɗaki, iyalinsa su dafa masa abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da masu saye. Idan an yi ciniki ya sami la'adarsa. Jarin fatoma shi ne amana. Ranar da aka ji ya cuci baƙo ɗaya, to ayari ya daina sauka gidansa.

Da Turawa suka zo, sai aka gina bariki da gidajen hutawa na gwamnati. A nan kakanninmu suka fara aikin kuku da boyi da gadi. Daga baya otal-otal suka zo. Gini ya canja, kaya sun canja, amma abin da baƙo yake so yana nan yadda yake. Yana son wuri mai tsabta, abinci mai kyau, kwanciyar hankali, da sakin fuska. Hausawa sun riga sun faɗa, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

SU WANE NE BAƘIN?

Da an ce yawon buɗe ido, wasu sai su tuna Bature da kyamara a wuya. Akwai irin waɗannan, amma ba su da yawa. Yawancin masu kwana a otal-otal na garuruwanmu 'yan ƙasa ne. Akwai 'yan kasuwa da suka zo saro kaya a Kantin Kwari ko Dawanau a Kano. Akwai ma'aikata da aka turo taro ko kwas. Akwai 'yan biki, da ɗalibai masu ziyara, da masu jinya da suka kawo marar lafiya babban asibiti. Waɗannan suna zuwa rani da damina. Da kuɗinsu ake biyan albashin ma'aikacin otal.

Sannan akwai wuraren da ake zuwa musamman domin kallo. Ga uku daga ciki.

Yankari. Wannan gandun daji ne a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe shi a shekarar 1956, aka buɗe wa masu kallo a 1962. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. A ciki akwai giwaye, da ɓauna, da gwanki, da dorina, da birai. Akwai kuma ruwan Wikki, wanda yake fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, dare da rana, rani da damina. An fi ganin dabbobi da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, suka taru kusa da Kogin Gaji shan ruwa.

Argungu. A Jihar Kebbi ake bikin kamun kifi a kogin Matan Fada. Bikin ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci Argungu. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa.

Kano. Akwai Dutsen Dala, da gidan tarihi na Gidan Makama, da marinar Ƙofar Mata, da Kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa fiye da shekara 500 da suka wuce. Hawan Sallah na Kano ma ya shiga jerin UNESCO a 2024.

Sai dai a lura. Bikin Argungu 'yan kwanaki ne kawai. Bayan na 2009 an dakatar da shi saboda rashin tsaro, ba a sake yi ba sai a 2020. A wannan shekara ta 2020 kuma cutar korona ta sa aka rufe otal-otal, ma'aikata da yawa suka zauna a gida. Maƙwabtanmu na Agadas a Jamhuriyar Nijar sun ga irin wannan. Da can Turawa suna zuwa kallon sahara, direbobi da 'yan jagora da maƙeran azurfa suna samu. Da tawaye ya tashi a 2007 baƙi suka ɗauke ƙafa, cinikin ya faɗi. Saboda haka wanda zai shiga wannan aiki ya nemi sana'ar da za ta yi masa amfani ko da masu kallo ba su zo ba. Wanda ya iya girki, ko gyaran lantarki, ko tuƙi, ba ya rasa wurin zuwa.

AYYUKAN DA KE CIKIN OTAL

Otal kamar ƙaramin gari ne. Kowa da aikinsa, kowane sashe da shugabansa.

1. Gyaran ɗaki. Shara, goge-goge, wanke bayan gida, canja zanen gado da tawul. A babban otal mutum ɗaya yakan gyara ɗaki goma ko fiye a yini.

2. Wanki da guga. Na zannuwan gado, da kayan ma'aikata, da tufafin baƙi.

3. Kicin. Akwai mai wanke-wanke, da mai yanke-yanke, da mataimakin kuku, da kuku, da babban kuku.

4. Kai abinci. Shi ne mai shirya tebur, ya ji abin da baƙo yake so, ya rubuta, ya kawo, ya kai masa lissafi.

5. Teburin karɓar baƙi. Nan ake rubuta sunan baƙo, a ba shi mabuɗi, a karɓi kuɗi, a amsa waya.

6. Gyare-gyare. Mai kula da janareta, mai gyaran famfo, mai gyaran lantarki da na'urar sanyaya ɗaki, da kafinta.

7. Gadi, tuƙi da kula da shuke-shuke.

8. Sito da lissafi. Mai sayo kaya, mai ajiya, akawu da kashiya.

A kan duka akwai manaja. Gyaran ɗaki, wanki, wanke-wanke, gadi da ban ruwan shuke-shuke ba su bukatar dogon karatu. Ta nan mutumin karkara ya fi samun ƙofar shiga.

"AI OTAL BA WURIN MUTUMIN KIRKI BA NE"

Wannan magana kowa ya taɓa jin ta. Iyaye da yawa ba sa yarda ɗansu ya yi aikin otal, balle 'yarsu. Da an ambaci otal sai a tuna giya da matan banza. Ba za mu ce tsoron iyaye ba shi da dalili ba. Lalle akwai wuraren da ake ɓarna, kuma bai kamata mai mutunci ya nemi abinci a can ba.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai otal-otal da gidajen saukar baƙi da ba a sayar da giya, suna da masallaci, malamai da sarakuna suna sauka a ciki. Akwai masaukin baƙi na jami'o'i da na hukumomin gwamnati. Akwai kicin na asibitoci da makarantun kwana, da gidajen abinci, da zaurukan biki. Duk aikin iri ɗaya ne.

Abin yi shi ne bincike. Kafin ka karɓi aiki, tambayi maƙwabtan wurin. Je ka zauna kusa da ƙofar da yamma ka ga irin masu shiga da fita. Idan mace ce, mahaifinta ko mijinta ko yayanta ya je ya gana da manaja, a san lokacin tashi daga aiki, a san yadda za ta koma gida. Gani ya kori ji.

ABUBUWA HUƊU DA AKE DUBAWA

Na farko, tsabta. Wanka kullum, yanke farce, wanke baki, tufafi masu tsabta ko da tsofaffi ne. Mai aikin kicin yana riƙe da lafiyar mutane a hannunsa. Tilas ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci da kuma bayan ya fito bayan gida. Kada ya yanka ɗanyen nama da latas a kan katako ɗaya. Nama da kaza su dahu har ciki. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili. Ko dai a bar shi da zafinsa, ko a sa a firji. Mai zawo ko amai ya gaya wa shugabansa, kada ya shiga kicin. Abinci ɗaya da ya lalace yana iya kwantar da mutum hamsin, ya rufe gidan abinci.

Na biyu, amana. Mai gyaran ɗaki yana shiga inda baƙo ya bar kuɗi da waya da agogo. Abin da ka tsinta, ko allura ce, kai wa shugabanka a rubuta. Sirrin baƙo ma amana ne. Ba a fita waje a ce wane ya kwana a wurinmu. Ba a ɗaukar hoton baƙo da waya. Ba a shiga ɗaki sai an ƙwanƙwasa an yi sallama.

Na uku, haƙuri da fara'a. Wani baƙo zai zo a gajiye ya yi maka faɗa a kan laifin da ba naka ba. Kada ka rama. Saurare shi har ya gama, ka ba shi haƙuri, ka gyara abin da za ka iya. Wanda ya fi ƙarfinka ka kira na gaba da kai. Idan baƙo ya ba ka tukwici ka karɓa ka yi godiya. Amma roƙon baƙo yana iya jawo kora.

Na huɗu, karatu da lissafi. Nan ne hanya take rabuwa. Mutum biyu za su fara wanke-wanke rana ɗaya. Bayan shekara uku ɗaya yana nan a bakin famfo, ɗaya ya zama mai kai abinci. Me ya raba su? Na biyun ya iya karanta lambar ɗaki da takardar jerin abinci. Ya iya rubuta abin da baƙo ya ce a kawo. Ya iya haɗa kuɗin shinkafa da nama da lemo, ya rubuta rasit, ya ba da canji daidai. Ko mai gyaran ɗaki yana bukatar karanta abin da ke jikin kwalbar maganin wanke bayan gida, domin akwai waɗanda idan aka gauraya su suna fitar da iska mai cutar da huhu.

Bayan Hausa, a ƙoƙarta a koyi Turanci ko kaɗan ne: gaisuwa, ƙidaya, sunayen abinci, lokaci da kwatance. Wanda ya ji Larabci, ko Faransanci, ko Yarbanci, ko Fulatanci, ya faɗa ranar neman aiki. Kowane harshe ƙarin daraja ne.

YADDA AKE NEMAN AIKIN

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana gida ka tanadi waɗannan:

- Takardar shaidar karatu, ko ta firamare ce ko ta ajin manya.
- Lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda ake kira NIN.
- Takardar shaidar ƙaramar hukumarku.
- Ƙananan hotuna irin na fasfo.
- Mutum ɗaya ko biyu masu mutunci da za su tsaya maka, kamar dagaci, ko limami, ko malamin makaranta.

Sai takardar neman aiki. Ba a son ta da tsawo. Rubuta kwanan wata, da sunanka, da garinku, da lambar wayarka. Faɗi aikin da kake nema. Faɗi abin da ka iya da inda ka taɓa aiki. Ka sa hannu. Kada ka ce ka iya abin da ba ka iya ba, domin za a gwada ka.

Yawancin ƙananan ayyukan otal ba a sanar da su a rediyo ko jarida. Ta bakin ma'aikata ake ji. Saboda haka nemi ɗan garinku da ke aiki a irin wurin ya sa maka kunne. Ka kuma kai takardarka da ƙafarka wurare da yawa. Lokacin da ya fi kyau shi ne da hantsi, bayan an gama hidimar karin kumallo. Ana yawan neman ƙarin hannu gab da Sallah, da ƙarshen shekara, da lokacin bukukuwa. Aikin kwana uku da ka yi da kyau yana iya zama dalilin ɗaukarka.

Ranar ganawa da manaja ka isa kafin lokaci. Kashe wayarka. Amsa abin da aka tambaye ka a taƙaice. Kai ma ka yi tambaya: nawa ne albashi, yaushe ake biya, awa nawa ake aiki, ana ba da abinci ko wurin kwana? Idan aikin kicin ne, wurare da yawa za su tura ka asibiti gwajin lafiya. Wannan ba wulaƙanci ba ne, ƙa'idar aikin ce.

YADDA AKE HAWA SAMA

Bari mu ɗauki misali da kicin. Ka fara da wanke tukwane. To kada idonka ya tsaya a kan tukunya. Duba yadda kuku yake auna shinkafa, da yadda yake haɗa miya, da abin da yake fara sawa a wuta. Idan ka gama aikinka, nemi a ba ka yankan albasa ko gyaran kaza. Sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta duk girkin da ka gani: kaya kaza, awo kaza, na mutum kaza. Wata rana mataimakin kuku ba zai zo ba. Wanda aka ga yana koyo shi za a kira.

Daga mataimaki sai kuku. Daga kuku sai babban kuku, wanda yake tsara abincin mako, ya lissafa kuɗin cefane, ya raba wa yara aiki. Babban kuku ba ya rabuwa da biro da takarda.

Haka abin yake a sauran sassa. Mai gyaran ɗaki yana zama mai duba aikin sauran, daga nan ya shugabanci sashen. Mai kai abinci yana zama shugaban masu kai abinci, ko kashiya. Wanda ya koyi kwamfuta da na'urar POS yana iya komawa teburin karɓar baƙi. Wannan tafiya ta shekaru ce. Sannu ba ta hana zuwa.

Shawara biyu a nan. Kada ka riƙa tsalle daga wannan wuri zuwa wancan duk bayan wata biyu. Idan kuma za ka bar aiki, ba da sanarwa, ku rabu lafiya, ka roƙi takardar shaidar cewa ka yi aiki a wurin. Adana ta kamar takardar gona.

AIKIN JAGORA

Akwai aikin da mutumin karkara ya fi ɗan birni sani. Maharbin da ya tashi a daji ya san sawun kowace dabba, da kukan tsuntsaye, da sunan itatuwa da amfaninsu. Irin wannan sani ake bukata wajen gadin gandun daji da zagayawa da baƙi. Haka wanda ya tashi kusa da ganuwa, ko tsohuwar rijiya irin Kusugu ta Daura, ko hasumiyar Gobarau ta Katsina.

Ɗan jagora nagari yana zama da dattawa ya ji tarihi, ya karanta abin da aka rubuta, ya faɗi gaskiya. Ba ya ƙara gishiri don ya burge baƙo. Yana gaya wa baƙo inda ake cire takalmi, da inda ba a ɗaukar hoto sai da izini. Ba ya haɗa baki da mai kaya a tsuga wa baƙo kuɗi. Ba ya kai baƙo inda babu tsaro. Mai sha'awar wannan aiki ya tuntuɓi ofishin gandun dajin, ko gidan tarihi, ko hukumar yawon buɗe ido ta jiharsu, domin a san da shi.

INDA AKE KOYO

Koyo a bakin aiki yana da kyau, amma takardar shaida tana ƙara albashi da daraja.

Gwamnatin Tarayya tana da cibiyar koyar da aikin otal da yawon buɗe ido mai suna NIHOTOUR. Tana da makaranta a Bagauda ta Jihar Kano da rassa a wasu jihohi. Ana yin gajerun kwasa-kwasai da masu tsawo.

Hukumar samar da aikin yi ta NDE, wadda aka kafa a 1986, tana da ofishi a kowace jiha. Takan tura matasa wurin gwanaye su koyi sana'a. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, mai hedkwata a Jos, ita ma tana horar da masu sana'a. Cibiyoyin mata na ƙananan hukumomi sukan koyar da girki da yin cincin da kek.

Mai aikin hannu, kamar gyaran lantarki ko famfo, yana iya zama jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Mataki uku ce. Ana farawa daga na uku, a je na biyu, a ƙare a na ɗaya. Hukumar jarrabawa ta NABTEB kuma tana da jarrabawar aikin girki.

Yaran da suka gama sakandare da sakamako mai kyau suna iya neman kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta Kaduna ko ta Tarayya da ke Bauchi. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, babbar difloma ƙarin shekara biyu. Daga nan ake samun manajoji da yawa.

SAN HAƘƘINKA

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda a rubuce kafin wata uku su cika. Takardar ta nuna irin aikin, da albashi, da lokacin aiki, da yadda za a rabu. Ma'aikaci yana da hutun kwana ɗaya a kowane mako. Bayan ya cika shekara yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki tare da albashinsa.

A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi N70,000 a wata. Amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Don haka ƙananan otal da gidajen abinci da yawa suna biyan ƙasa da haka. Yi lissafinka tun farko. Idan ana ba da abinci da wurin kwana, sa su cikin lissafi. Tambayi kuma ko ana cire kuɗin faranti ko kofin da ya fashe daga albashi.

Aikin yana da wahala, ba za mu ɓoye ba. Akwai tsayuwa mai tsawo. Akwai aikin dare. Ranar Sallah da kowa yake gida, kai kana bakin aiki. Idan kana da gona, ku yi magana da manaja tun da wuri a kan lokacin shuka da girbi, ko ka shirya wanda zai kula maka da ita.

HATTARA DA MACUTA

Akwai masu yawo ƙauyuka suna cewa za su samo wa mutum aikin otal a Abuja, ko Legas, ko Saudiyya, ko Dubai. Sai su ce a kawo kuɗin fom, ko na biza. Wasu sun sayar da gona da shanu, ejan ya ɓace. Wasu an kai su, aka karɓe fasfo, aka sa su aikin da ba shi aka yi alkawari ba. 'Yan mata sun fi shiga wannan haɗari.

A riƙe waɗannan:

1. Aikin gaskiya ba a sayensa. Wanda ya ce ka biya kafin a ɗauke ka, yi hattara da shi.
2. Kamfanin da ke kai mutane aiki waje tilas ya kasance da lasin na Ma'aikatar Ƙwadago. Nemi ka gani.
3. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta aiki ba ce. Wanda ya yi aiki da ita ya karya dokar ƙasar, ana iya kama shi.
4. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba. Kai wa wanda ka amince da shi ya karanta maka.
5. Kada a ba da yaro ko yarinya ga wanda ba a san inda zai kai su ba.

Wanda ya ga alamar safarar mutane ya sanar da mai unguwa, ko 'yan sanda, ko hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da wannan laifi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

BA DOLE SAI KA BAR ƘAUYE BA

Otal ba ya noma, ba ya kiwo. Kullum yana sayen ƙwai, kaji, kifi, tumatir, albasa, latas, kabeji da kankana. Manoman rani da masu kiwon kaji suna iya haɗa ƙungiya su je su gana da mai sayo kaya. Abin da yake so shi ne kaya masu kyau, a kan lokaci, ba fashi. A riƙa rubuta duk abin da aka kai, a karɓi sa hannu, domin otal da yawa ba sa biya nan take sai ƙarshen mako ko wata.

Masu sana'ar hannu ma suna da rabo. Baƙo yana son tsarabar da zai koma da ita: jakar fata, takalmi, hula, faifai, tabarma, ƙwarya mai zane, rinannen zane, kilishi. A gyara aiki, a yi ƙanana masu sauƙin ɗauka, a sa farashi na adalci.

Mata masu iya girki suna iya karɓar aikin abincin biki da suna da taro daga gida. Waina, sinasir, dambu, funkaso, kunun aya da zoɓo duk ana nemansu. Da yawa daga masu gidajen abinci da tukunya ɗaya suka fara. Shi ma ma'aikacin otal ya riƙa ajiye wani abu kowane wata, a banki ko adashe. Wata rana shi ma ya buɗe nasa wurin ya ɗauki yaran garinsu.

To jama'a, wanda zai tafi cin rani bana ya yi tunani. Ya tanadi takardunsa, ya ci gaba da karatunsa da lissafi, ya bincika wuri kafin ya shiga. Idan ya samu, ya riƙe tsabta da amana, ya buɗe ido ya koya. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.